Faifan Ƙafa a Bayan Babur ɗin Ƙanƙara

Abbasiyya, Alƙahira
Talata, ƙarfe huɗu da kwata na yamma, Nuwamba 2014

Mai sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa ka karanta wannan takarda cikin ƙoshin lafiya da natsuwa, ya tsare ka a hanya, ya tsare ka a masauki, ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka.

A baranda nake rubutu, domin an ɗauke wuta tun bayan azahar. Kai da Abbanku kun tafi kasuwar Ataba sayen jaka, ƙanwarka Nusaiba tana darasin yamma. Jirginka jibi ne, Alhamis da hantsi. Zan sa takardar a ƙarƙashin matashin kanka, don ina so ka karanta ta a gidan nan, ba a cikin jirgi ba.

Ka san al'adarmu. Kai ne ɗan fari, ban taɓa kiran sunanka ba, ban taɓa zaunar da kai na yi maka doguwar magana ba. Ko ranar da ka zo da labarin kamfanin ma'adinai na arewacin Kanada ya ɗauke ka aiki, "Allah ya sa albarka" kawai na ce, na koma kan tukunyata. Kunya ta hana baki, amma ban ji inda aka ce ta hana alƙalami ba. Kuma maganar tawa guda ɗaya ce.

Ranar Juma'a bayan cin abinci ka buɗe kwamfuta kana nuna wa Abbanku babur ɗin da za ku riƙa hawa zuwa wurin awon duwatsu, wanda ke gudu a kan dusar ƙanƙara. Ina tsaye da tiren shayi. Abbanku ya nuna allo ya ce, "Wannan kuma mene ne a ɗaure a baya, kamar faifai biyu?"

Ka ce, "Takalman dusar ƙanƙara ne, Abba. A kan takalmin mutum ake ɗaura su don kada ya nutse. Amma abokina Sagir da ke aiki a can ya ce shi tuni ya ajiye nasa a ɗaki, cin wuri kawai suke yi. Ya ce baburan kamfanin sababbi ne, ba sa mutuwa."

Nusaiba ta ce, "Yaya, in ka sa su agwagwa za ka koma."

Abbanku ya ce, "To ka ɗauki faifan Ummanku na kicin mana, ga su can a rataye."

Kuka yi dariya. Na ajiye tire na fita. Tun daga ranar abin yake cina.

Ka san a watan Yuli na karɓi sakamakon digirina na ilimin hadisi, ina da furfura a gaban kai, ajinmu cike da sa'o'inka. Idan an tambaye ni abin da na fito da shi, shi ne na daina haɗa labarai a kwando ɗaya. Akwai abin da na gani da idona, akwai abin da amintacce ya gaya mini, akwai abin da ban sani ba. Haka zan jera maka.

Abin da na gani da idona, a rairayin bayan Fayyum na gan shi, a watan Afrilun shekarar 2012. Kai kana jarrabawa, ba ka je ba. Daga bakin Abbanku ka ji labarin, shi kuwa ya mai da shi abin dariya, yana kwaikwayon yadda Alhaji Mamman ya naɗe babbar riga yana tura mota. Ba haka na gan shi ba.

Alhaji Mamman da matarsa Hajiya Rabi sun zo daga Damagaram ganin likitan ido, suka sauka a wajenmu. Da aka sallame su, Abbanku ya aro jif a wurin wani abokin kasuwancinsa don a kai su su sha iska. Tun da yamma ya shirya but ɗin motar. Akwai shebur, da jarkar ruwa babba, da allunan ƙarfe biyu masu huda-huda waɗanda ake shimfiɗa wa taya idan ta nutse a yashi. Mai motar ne ya ba shi su.

Ni kuma na tashi da asuba na yi dambun shinkafa, na soya kaji, na dama kunun aya, na yi zoɓo. Kuloli uku manya. Da na sauka ƙasa, but ya ƙi ɗaukar su. Na tsaya ina duban allunan nan, sun yi tsatsa, sun cinye rabin wurin. Na ce a raina, a ce baƙi sun zo tun daga Damagaram, a kai su jeji a ba su burodi da wake? Me Hajiya Rabi za ta je ta faɗa a gida? Na kira mai gadin gidanmu, muka sauke allunan da jarkar, muka jingine su a ƙarƙashin bene. Na bar shebur saboda ya shige ta gefe. Ruwa kuwa na ce ga kunun aya ga zoɓo, ga robobi ƙanana, ya isa.

Wannan kuskurena ne na farko. Ba mugunta ta sa ni ba, kara ce. Kuma ina ganin irinta a jikinka, domin a hannuna ka tashi. Ranar da wani abokin aiki zai ce maka, "Ɗan rage kayan nan mu sa nawa," ko kai da kanka ka so ƙara fulas da kwanon abinci don ka ba mutane, idonka zai faɗa kan abin da ba ka taɓa amfani da shi ba. Kayan ceto kullum su suka fi kama da kayan banza. Ka rage abinci, ka rage tufafin canji, ka bar mutum ya ji haushinka. Faifan nan biyu kada su sauka daga babur.

Da muka hau titi, Abbanku ya tambaya, "Komai ya shiga?" Na ce, "Ya shiga." Ban yi ƙarya ba a ganina, kulolin sun shiga. Amma na san ba abin da yake tambaya ba ke nan. Na ji nauyin in faɗa a gaban baƙi, kada ya juya mota a ce ni na ɓata tafiya. Da na buɗe baki a lokacin, ba mu wuce Giza ba, komawa gida ba komai ba ne.

Muka bar kwalta da hantsi. Motar tana hawa tudun rairayi kamar kwalekwale a ruwa, Hajiya Rabi tana salati tana dariya. Na duba agogo lokacin da muka sauka daga titi, na sake dubawa lokacin da motar ta tsaya, bai kai rabin sa'a ba. Wani kwari muka gangara, yashinsa laushi kamar garin tuwo. Tayoyin baya suka nutse. Abbanku ya ƙara wuta, suka ƙara nutsewa, har cikin motar ya zauna a ƙasa.

Ya fito hankalinsa kwance ya ce, "Ma'alish, Alhaji, ƙaramin abu ne. Akwai alluna." Ya buɗe but. Ya daɗe a tsaye yana kallon kulolin.

Alhaji Mamman ya leƙo ya ce, "To, aƙalla yunwa ba za ta kashe mu ba."

Suka haƙa da shebur, yashi yana komowa. Suka cusa tabarma da dardumar mota a ƙarƙashin taya, ta tauna su ta tofar. Waya ba sabis. Da rana ta take, mazan suka ce za su taka zuwa titi su nemo taimako. Na ce wa Hajiya Rabi, "Yanzu za su dawo, ai ba nisa." Da agogon mota nake awo. Wannan ma kuskure ne, kuma shi na fi so ka riƙe. Tafiyar da inji ya yi a rabin sa'a, su sai bayan la'asar suka ga kwalta, tafin ƙafar Abbanku duk ya yi bororo. Inji yana kai mutum inda ƙafarsa ba za ta iya dawo da shi ba, kuma ba ya gaya masa lokacin da ya tsallake wannan iyaka.

Mu mata muka zauna a inuwar mota. Lokacin azahar na ɗauki roba ɗaya na yi alwala da ita cikakkiya, sau uku-uku, ni da nake karanta babin taimama a wannan zangon karatun. Ga ƙasa mai tsarki iya ganin ido. Sabo ne kawai, da kuma jin cewa sauƙin da shari'a ta yi na wasu ne masu rauni, ba nawa ba. Bayan nan ruwa ya ƙare. Kunun aya ya yi tsami a zafi, zoɓon kuwa na cika masa sukari, ƙishi yake ƙarawa.

Nusaiba, wadda muka tafi da ita, tana da shekara tara a lokacin. Ta fara cewa kanta na ciwo, ta yi amai, daga nan ta yi shiru. Na taɓa goshinta, zafi kamar murfin tukunya, kuma babu gumi ko ɗigo. Hajiya Rabi ta ce, "Maman yara, yarinyar nan ba ta amsa ni." Na miƙe na ce zan bi sawun mazan in gaya musu su yi sauri. Silifas ne a ƙafata, domin da za mu fito na ce ai a mota muke. Kowane taku sai in nutse har idon sawu, yashin yana ƙuna, in na ciro ƙafa silifas ya tsaya a ciki. Ban kai saman tudun farko ba numfashina ya ƙare. Na juyo ina ganin motar, ina ganin gyalen Hajiya Rabi, kusa ƙwarai, amma da rarrafe na koma. Jikina lafiya lau, ba abin da ya karye. Ƙasar ce kawai ta ƙi ɗaukata.

Gab da magariba mazan suka dawo da wasu mutanen ƙauye a akori-kura. Nusaiba ta kwana a asibiti ana yi mata ƙarin ruwa. Ita yanzu abin da take tunawa shi ne an saya mata askirim da aka sallame ta. Ni abin da nake tunawa, da muka dawo gida na ga allunan nan a ƙarƙashin bene, a jingine yadda na bar su.

Wannan shi ne abin da na gani. Yanzu ga abin da aka gaya mini.

A ajinmu akwai wata ɗaliba 'yar ƙasar Rasha, daga ƙabilar Tatar, sunanta Aliya. Shekara huɗu muna zama kujera ɗaya, ban taɓa kama ta da ƙarin gishiri ba. Ranar Asabar na hau jirgin ƙasan metro na je har ɗakinta na tambaye ta. Ta ce a garinsu kowa ya san babur ɗin. A ƙarƙashinsa akwai bel mai faɗi irin na katafila, a gaba kuma sanduna biyu masu sulɓi, su ke raba nauyinsa shi ya sa yake tafiya a sama. Ta ce dusar ƙanƙara iri-iri ce. Wadda ta kwana ta daskare tana ɗaukar mutum. Sabuwar zuba kuwa gari ce, ba ta riƙe komai, kuma mai babur ba ya sanin zurfinta sai ya sauke ƙafa.

Yayanta ya taɓa fita shi kaɗai, babur ɗinsa ya kife a wani kwari ya ƙi fita. Ya sauka, ya nutse har ƙugu. Yana hango hayaƙin gidajen ƙauyensu. Ya yi ta kutsawa yana faɗuwa, gumi ya jiƙa masa rigar ciki, da ya gaji ya tsaya sai gumin ya zama sanyi a jikinsa. An same shi da rai, amma an yanke masa 'yan yatsun ƙafa biyu. Na tambaye ta, "Ke kin ga ƙafar, ko gaya miki aka yi?" Ta ce, "Ya Ummi, ni nake wanke masa ita." Na ce, "Takalman nan fa?" Ta ce suna rataye a bayan ƙofa, ya ce ba nisa zai je ba.

Ka lura, babur ɗinsa bai mutu ba. Jif ɗinmu ma ba ta mutu ba, injinta yana ta ruri har muka kashe shi. Don haka maganar Sagir cewa baburan sababbi ne ba ta amsa komai ba. Sagir yaron kirki ne, tare kuka yi karatu, ya ci tuwo a gidan nan. Amma sanyi ɗaya ya yi a can. Wanda ya ce "ban taɓa buƙatarsu ba" labarin jiya ya ba ka.

Ranar Lahadi na shiga Ataba neman takalman, na ce ko in saya maka in huta. Kada ka gaya wa Abbanku. Na nuna wa wani mai kayan wasanni hoton a waya. Ya juya wayar sama da ƙasa ya ce, "Ya Hajja, wannan na kama kifi ne?" Na ce na tafiya a kan ƙanƙara ne. Ya leƙa waje ya kalli rana, ya kira maƙwabcinsa, "Zo ka ji, Hajja tana shirin ƙanƙara, ta san abin da ba mu sani ba." Ya ɗauko raket biyu na wasan tanis ya ce in ɗaura da igiya, zai rage mini kuɗi. Na yi dariya don ya kamata a yi. Na je wani shago a Zamalek inda Turawa ke sayayya, su ma babu. To ba zan iya sa maka su a jaka ba, sai dai in sa maka su a wuya.

Ga abin da nake so. Idan kamfani ya ba ka su, ka karɓa. Idan bai ba ka ba, ka saya kafin ka sayi komai, kafin ka aiko wa kowa da tsaraba. Ka faɗa wa mai shagon nauyinka tare da kayan da za ka goya, domin Aliya ta ce faɗinsu da nauyin mutum yake tafiya, kuma sabuwar dusa tana son masu faɗi. Kada ranar wahala ta zama ranar da za ka fara ɗaura su. Ka fita bayan masauki ka gwada, da safar hannu a hannunka, domin ta ce yatsu ba sa jin magana a sanyi. Ka yi yawo da su har ka daina taka ɗaya a kan ɗaya. In ana kallonka ta taga ana dariya, a yi. Ka ɗaure su a waje, inda hannunka zai kai ko babur ya kwanta a gefe, ba a ƙasan kaya ba. Ka haɗa da ƙaramin shebur.

Kafin ku fita, wani a masauki ya san inda kuka nufa da lokacin dawowarku. Idan an tambaye ka ko kayanka sun cika, ka faɗi abin da babu, ko da an riga an tayar da injuna, ko da shugabanka Bature ne yana duban agogo. Na san ka. Kai baƙo ne, baƙar fata, sabon ma'aikaci, za ka so a ce yaron nan ba shi da matsala. Ni ma abin da na so a ce ke nan.

In abin ya faru, kada ka yi gaggawa har ka yi gumi. In an san inda kake, zama kusa da babur ya fi, domin shi ake fara hangowa. In tafiya ta zama dole, ka bi sawun da babur ɗin ya shata, ya fi tauri. Salla kuma, ka yi alwala a masauki ka sa huffi, ka yi shafa. Kada ka tuɓe ƙafarka a fili don ka wanke ta. Allah bai nemi yatsunka ba, kuma sauƙin da ya yi naka ne kamar yadda yake na kowa.

Na ji ƙarar lif, an kawo wuta, kuna iya shigowa kowane lokaci. Bari in faɗi abin da ban sani ba, don kada ka ɗauka na san komai.

Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba, sai a allo.

Ban san zurfinta a inda za ka ba, ban san ko irin ta garin su Aliya ce ba.

Ban san ko ku biyu-biyu za ku riƙa fita ba, ko akan tura mutum shi kaɗai.

Ban san ko waya tana kamawa a can ba, ko kamfanin yana ba da wata na'urar kira.

Ban san hukuncin shafa a kan irin takalmin da za ka sa a saman huffi ba, domin ban gan shi ba. Ka nemi malami a can ka nuna masa.

Ban san ko takalman za su isa su cece ka ba. Aliya ma ba ta ce suna isa kullum ba, ta ce dai wanda ba shi da su ba shi da zaɓi.

Ban kuma san ko za ka ɗauki maganata ba, ko za ka ce tsoron uwa ne.

Wannan na ƙarshen shi kaɗai zan iya sani kafin ka tafi, kuma sai na sani. Ba na son doguwar amsa, ni ma ba zan iya tsayawa in saurare ta ba. Gobe da safe ina kicin. Ka tsaya a bakin ƙofa ka ce, "Umma, na ji." Ba zan juyo ba, kada ka damu. Kai ba ka saɓa alkawari, wannan na gani da idona tun kana ƙarami, shi ya sa kalma biyun suka ishe ni. In kuwa gobe ta wuce ban ji su ba, jibi zan sa mayafina in shiga tasi tare da ku har filin jirgi, in faɗi duk abin da ke cikin takardar nan da ƙarfi, a gaban Abbanku da abokanka da 'yan sandan ƙofa. Ka zaɓa.

Allah ya kai ka lafiya, ya sa ƙasar da za ka taka ta ɗauke ka. Ya tsare gabanka da bayanka, ya ba ka abokan tafiya masu tsayawa su jira. Ya dawo mana da kai da ƙafafunka, yatsu goma cif. Na yafe maka duniya da lahira.

Wassalam,
Ummanku